Ka Bar Mini Gimbiya Kafin Ka Hau Motar Baga

Umarari, Yerwa
Ranar Lahadi da hantsi

Zuwa ga ɗana Babagana,

Bayan sallama, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da mai ɗakinka Fanna, da amaryata Yagana, jikar nan da har yanzu ba ta gaishe ni sai ta ga dabino a hannuna. Wushe, wushe, sannunku duka. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya. Allah ya kai ku Baga lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ruwa, ya sa albarka a cinikin kifin da za ka fara, amin.

Na san za ka yi dariya ka ga takarda daga Umarari zuwa Ajilari, wurin da ko da gwiwar nan tawa mai ciwo da ƙafa nake zuwa. To, yi dariyarka. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina kake ɗauke da shi, shi ya sa ban taɓa iya zama na dube ka ido da ido na yi doguwar magana ba. In na fara, sai faɗa ya fito maimakon magana. Takarda kuwa ba ka da damar katse ta. Wannan ne amfanin da na ci a ajin manya, inda na zauna da furfurata ana koya mini abacada.

Ranar Juma'a mun rabu a zaurenka ba daɗi. Bari in maimaita yadda abin yake, don kada ka ce tsufa ya sa na rikita. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da wani baƙon kare ya faɗo unguwarku daga jeji, ya ciji jakin mai ruwa, ya ciji turmi, ya kama karyarka Gimbiya a kafaɗa kafin maƙwabta su kashe shi da sanduna. Ka shafa mata toka, ciwon ya warke. Ka ƙi kai ta asibitin dabbobi don kana tsoron su harbe ta. Ranar Laraba kuma kana so ka sa ta a mota ɗaya da Yagana, ku tafi garin da ba likitan mutum a kusa, balle na dabba. Da na ce ka bar ta, sai ka kira ta, ta zo tana kaɗa wutsiya, yarinyar ta rungume wuyanta, ka ce mini: "Baba, dube ta mana. Wannan ce mahaukaciya?"

Ina da amsa, amma sai na ɗauki sandata na fita. Yau zan ba ka amsar. Sai dai ka yi haƙuri, ba zan fara da ita ba. Zan fara da ƙananan wautar da na yi, in samu ƙarfin zuwa ga babbar. Kuma ko ba da Gimbiya ba, na san ka, da ka sauka Baga za ka nemi kare ya tsare maka bandar kifi, don haka duk za su amfane ka.

Shekara talatin na yi ina farauta da karnuka kafin in koma lambu a bakin kogin Ngadda. Akwai lokacin da nake da bakwai, kowa a unguwa ya san su. Ran nan a Kasuwar Kwastam wani Balaraben Shuwa ya nuna mini ɗan kwikwiyo mai dogayen ƙafafu, irin wanda in ya girma barewa ba ta tsere masa. Na ga kwantsa a idonsa, na ga hancinsa da majina. Mutumin ya ce ƙurar hanya ce, ni kuma da yake raina ya riga ya biya, na yarda. Ina isa gida na sake shi cikin sauran, suka sansana shi, suka ci a kasko ɗaya. Mako bai cika biyu ba gidana ya koma gidan tari. Ido ya manne da kwantsa, hanci ya toshe, sai zawo, sai ƙin abinci. Waɗanda na zaci sun tashi, bayan 'yan kwanaki sai ƙafa ta fara fizga, baki yana karkarwa kamar mai jin sanyi, su faɗi suna shure-shure. Biyar na binne a bayan gida, kwikwiyon na shida. Guda cikin biyun da suka rayu ya zauna da fizgar ƙafa har mutuwarsa, bai ƙara kama ko zomo ba.

Mu mafarauta murar karnuka muke ce mata, amma sunan ya raina ta, ba mura ba ce. Ta numfashi take bi, da majina, da kasko. Don haka duk karen da ya shigo hannunka sabo, ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya ne ya ba ka, ka ɗaure shi can gefe shi kaɗai har mako uku, da kaskonsa daban, da ruwansa daban. In ka ga kwantsa ko majina tun a kasuwa, ka sa hannunka a aljihu ka wuce. An ce mini yanzu akwai allurar rigakafinta, ana yi wa kwikwiyo tun yana ƙarami. Ka tambaya, tambaya ba ta rage wa namiji komai.

Ta biyu kaska ce. Ni da na ɗauka kare da kaska tare aka halicce su. Karnukana a bayan garken maƙwabci suke kwana, kunnuwansu cike, in na ga wadda ta ƙoshi in murje ta da farce in shafe jinin a riga. Sai babban karena ya fara kwanciya a inuwa ya ƙi tashi, jikinsa zafi rau, fitsarinsa ya koma kalar ruwan goro. A nan na fara sanin Malam Yohanna, malamin dabbobi, mutumin Biu. Ya zo duba shanun maƙwabcin, na ce ya ɗan leƙa mini. Ya ɗaga leɓen karen da tsinke ya nuna mini dasashi, fari fat. Ya ce kaska ba jini kaɗai take sha ba, cuta take zubawa mai cinye jinin daga ciki, kuma da na kira shi kwana uku baya da allura ɗaya ta isa. Na ji haushinsa ƙwarai, saboda gaskiya ya faɗa kuma a gaban mutane. Karen bai kai Juma'a ba.

Kullum da safe ka bi jikin karenka da hannu: kunne, wuya, hammata, tsakanin yatsu. Abin da ka cire ka jefa a gwangwanin kananzir ko a wuta, kada ka murje. Ka share makwancinsa, ka ƙone tsumman da yake kwana a kai in ya tsufa. Ka riƙa duba dasashinsa, in ka ga ya dushe kada ka jira gobe. Baga gari ne na shanu da ciyawar bakin tabki, kaskar can ta fi ta nan.

Ta uku har yau in na tuna kunya nake ji. Ƙazuwa ta kama wani jan karena, gashi ya zube, yana susa har jini. A lokacin akwai wani Ibo mai kantin magani a Kasuwar Kwastam, Mista Obi, mutumin kirki mai surutun tsiya. Ya ce in sayi farar wuta in kwaɓa da man gyaɗa in riƙa shafawa sashi-sashi, in raba shi da sauran, in wanke hannuna da sabulu don tana kama mutum. Na ce masa mutumin da bai taɓa bin sawun gada ba ba zai koya mini kare ba. Na je garejin da ake gyaran manyan motoci na ɗebo baƙin mai, saboda na ji haka ake yi, na shafe karen nan tun daga hanci har wutsiya na bar shi a rana. Ya yi ta birgima yana lasar jikinsa. Kafin la'asar yana amai, washegari ya mutu. Ƙazuwar kuma ta kama ni a tsintsiyar hannu, na koma kantin Obi kaina a ƙasa. Sai da ya naɗe maganin ya tambaye ni ko a ƙara mini da baƙin mai.

In abu ya fi ƙarfin saninka, ka saurari wanda ya sani, ko daga ina ya fito, ko wace alƙibla yake kallo. Taurin kan nan naka ba daga sama ya faɗo maka ba, nawa ne, na san nauyinsa.

Sai tsutsar ciki. Na sha kwaso ɗanyen hanji da huhu daga mahauta in zube wa karnuka, ina ganin na yi musu gata, sai 'yan kwikwiyo su fito da ƙaton ciki da siraran ƙafafu su mutu ɗaya bayan ɗaya. Kai a Baga kayan cikin kifi za ka samu a banza. Ka dafa kafin ka ba shi. Kashin kare kuma a kwashe a binne kullum, don Yagana har yanzu duk abin da ta tsinta a ƙasa baki take kai shi, kuma tsutsar ba ta zaɓen ciki. Malamai da suka ce a wanke ƙwaryar da kare ya sa baki sun san abin da suke faɗa.

Yanzu na matso kusa. Kana tuna shekarar da mai shela ya zagaya da ganga cewa duk mai kare ya kai shi a yi masa allurar hauka a rataya masa lamba a wuya? Kana ɗan saurayi lokacin, Turawa ba su tafi ba. Ni ne na ce maka dabara ce ta ƙirga karnukan mutane, kuma allurar tana kashe hancin kare ya daina jin sawu. Ni da kai muka ɗebe su muka ɓoye a lambu har 'yan doka suka gama zagaye. Ban ji wannan magana daga kowa ba, ni na ƙirƙire ta. Gaskiyar ita ce ba na son in tsaya gaban mutanen da za su yi mini maganar ciwon nan, saboda dalilin da za ka ji yanzu. Ka girma da abin da na koya maka, Gimbiya ta shekara huɗu a hannunka ba allura. Da an yi mata, da yau ba wannan takardar nake rubutawa ba. Laifin nan nawa ne kafin ya zama naka. Duk karen da za ka riƙe nan gaba, ka kai shi a yi masa, kuma ka mayar da shi duk lokacin da suka ce.

Mu 'yan Barno in muna Hausa ba mu raba karya da ƙarya, bakinmu ɗaya yake fitar da su. A ajin manya malamin ya rubuta su biyu a allo, ya ce ɗaya matar kare ce, ɗaya kuma abin da ba gaskiya ba, bambancinsu ɗan ƙugiyar nan a kan harafi. Ya sa ni in faɗa, na kasa, ajin duka suna dariya. Ni ban yi dariya ba. Shekara ashirin da biyu ina yi maka ƙarya a kan wata karya, sai ga su an jera mini a allo.

Na ce maka masassara ce ta kashe mahaifiyarka. Ba ita ba ce.

Lokacin babban yaƙin Turawa ne, sa'ad da jiragen sama suka yi ta sauka a garin nan. Kana da shekara huɗu. Ina da wata karya, Farar Ƙafa, wadda ban taɓa samun kamarta ba. Muna dawowa daga farauta da rana tsaka sai ga dila ya fito fili ya nufo mu. Dila ba ya haka, dila gudu yake. Suka kama kokawa, na harbe shi, ita kuma ya tsaga mata kunne. Na shafa mata toka, kamar yadda ka yi. Ya warke, kamar yadda naka ya warke. Ta ci, ta sha, ta yi farauta sama da wata guda, ba abin da ya canza.

Sannan wata safiya ta shige ƙarƙashin rumbu ta kwanta. Ba ta yi gudu ba, ba ta ciji kowa ba, ba ta yi ko gurnani ba. Muƙamuƙinta na ƙasa ya saki, baki a buɗe, yawu yana dalala, tana ta ƙoƙarin haɗiya abu ya ƙi wucewa. In na kira ta sai ta kaɗa wutsiya ta dube ni. Da yake shekaranjiya na ba ta ƙasusuwan gada, na ce ƙashi ne ya maƙale mata a maƙogwaro. Hauka ko kusa bai zo mini a rai ba. Kalmar ce ta cuce ni. An ce haukan kare, ni kuma mahaukaci a sanina shi ne mai ihu da duka da gudu a titi. Wannan kuwa tana kwance shiru kamar mai jin kunya.

Na gwada sa hannuna, ya yi girma. Mahaifiyarka tana bakin murhu. Amsa, sunanta ke nan. Wannan ne karo na farko da na rubuta sunanta. Ba ta son karnuka, haƙuri kawai take yi da su saboda ni. Na kira ta na ce hannunta siriri ne, ta zo ta zaro ƙashin ni in riƙe bakin. Ta nuna mini yatsanta, inda ƙayar tarwaɗa ta tsaga ta jiya wajen gyaran kifi, ta ce: "Maigida, hannuna da ciwo."

Na ce ɗan wannan ne ciwo? Na ce in ba ta so ta faɗa kawai. Ka san yadda nake magana in na so abu. Ta ajiye muciya ta zo ta durƙusa. Na buɗe bakin da hannuna biyu, ta zura nata har tsintsiya, ta laluba, ta ce ba komai a ciki. Na ce ta sake. Ta sake. Ba ƙashi. Ta goge hannun da ƙasa, ta ɗauraye da ruwa don salla, ta koma kan tuwonta. Karyar ta mutu bayan kwana uku, na binne ta ina cewa ƙashin ya wuce ciki ya huda hanji.

Wata biyu muka yi lafiya lau. Sai ta fara cewa yatsan nan yana mata ƙaiƙayi, alhali ya daɗe da warkewa. Sai zafin jiki, sai rashin sukuni. Ran na uku da hantsi ta ce ƙishirwa za ta kashe ta. Na ɗebo ruwa a randa na miƙa mata moɗa. Tana ganin ruwan maƙogwaronta ya shaƙe, ta ture moɗar, jikinta duka ya ɗauki rawa. Tana son ruwan, tana kuka tana roƙonsa, in an kawo ba ta iya ko kallonsa. A tsaye nake da moɗar a hannu na gane. Ba wanda ya gaya mini, na tuna dilan nan da ya nufo mu da rana.

'Yan'uwanta suka ce iska ce ta bakin kogi, aka kawo turare, aka kawo masu addu'a. Na bar su. Ba wanda ya ga abin da ya faru a ƙarƙashin rumbu sai ni da ita, ita kuma ba ta faɗa ba. Tsakanin tashin ciwon hankalinta yakan dawo sarai, ta san kowa. A irin wannan lokacin ka shigo ɗakin da gudu za ka faɗa jikinta, ta ja baya ta manne da bango ta ɓoye hannayenta. Ta dube ni ta ce: "Ka fitar da yaron nan, kada ya matso kusa da ni." Na ɗauke ka kana ihu na kai ka gidan yayarta. Ka daɗe kana tambaya me ka yi wa Ya, mahaifiyarka, ta kore ka. Ba abin da ka yi. Ta gane abin da na gane, tsare ka take yi. Ran na biyar ta cika, kafin azahar.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ji tsoron danginta, na ji tsoron idon mutane, daga baya na ji tsoron idonka. Na ci gaba da kiwon karnuka don kada a tambaye ni me ya sa na daina.

Jiya na je wurin Malam Yohanna, ya tsufa kamar ni amma yana nan a bakin aikinsa. Na ba shi labarin karen Ajilari, ban faɗi sunanka ba tukuna. Ga abin da ya ce, ka karanta sau biyu. Ciwon nan iri biyu yake zuwa: akwai mai cizo da gudu, akwai mai shiru da sakin baki, kuma dafinsu ɗaya. Yakan kwanta a jikin kare mako uku, ko wata biyu, wani har wata shida, kare yana ci yana wasa. Abin da ya fi tsorata ni, ya ce dafin yakan sauka cikin yawu kwanaki kafin a ga alamar farko. Ka ce mini za ka sa mata ido, in ka ga ta canza ka ɗaure ta. Ranar da za ka ga ta canza, ta riga ta yi kwanaki tana lasar fuskar 'yarka. Kuma in ciwon ya bayyana a jikin mutum, ba likita, ba malami, ba boka, ba wanda ya taɓa tashi.

Ya ce in kare ya ciji mutum, ko ya lashi wurin da fata ta buɗe, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a daɗe ana wankewa har hannu ya gaji, sannan a nufi asibiti ranar, a yi allurai a ciki kewayen cibiya har su ce sun cika. Suna da zafi, amma suna ceto in an yi da wuri. In kana son rubutu ka sha, amma a kan hanyar asibiti. Daga Baga zuwa nan, a yashin nan da mota take kafewa, ka fi ni sanin kwana nawa ne.

Game da Gimbiya, ya ce abin da ya fi shi ne a kashe ta. Na ce mai ita ba zai yarda ba, a hannunsa ta girma, ta taɓa kashe kububuwa a bakin ƙofar ɗakinsa. Ya ce to sai a tsare ta wata shida a wurin da ba mutum ba dabba da zai taɓa ta, shi kuma zai riƙa zuwa yana dubawa. Ba kowace da aka ciza take kamuwa ba. Tana iya fita lafiya.

Daga wurinsa lambu na wuce. Na kafa azara shida a ƙarƙashin mangwaron nan na gabas, na zagaye da wayar ƙarfe ninki biyu, na yi rufi, na bar 'yar kafa a ƙasa inda zan riƙa tura kasko da dogon itace. Da hannuna na yi, yau kafaɗata ba ta ɗaguwa. Ni zan ciyar da ita safe da yamma. Ba zan bari ta ji yunwa ko rana ba, kuma ba zan taɓa ta ba ko ta yi kukan da zai tsinka mini zuciya. In ta cika wata shida lafiya, a yi mata allura, ni da kaina zan hau mota in kawo maka ita har Baga. In kuma ta saki baki, ni zan ɗauki bindiga, ba kai ba. Na fi ka cancantar ɗaukar wannan.

Daga lokacin da ka karanta takardar nan, ka ɗaure ta a bayan gida, ka sa mata takunkumi. Kada Yagana ta je yi mata ban kwana, ko da za ta yi birgima a ƙasa. Ka ce wa Fanna ta tuɓe yarinyar a cikin haske ta duba hannuwanta da fuskarta da gwiwoyinta. In akwai ƙwarzane ko ƙujewa, komai ƙanƙantarsa, ku zo da ita mu je asibiti su gani, su za su yanke, ba ni ba, ba kai ba. Gimbiya kuma ka kawo mini ita lambu ranar Talata kafin azahar.

In Talata ta wuce ban gan ka ba, Laraba da safe za ka same ni a tasha, ni da Malam Yohanna da sarƙa. Zan tsaya gaban motar. Zan gaya wa direba da ɗan kamasho da duk wanda ya sayi kujera abin da ke cikin takardar nan, har da abin da na sa mahaifiyarka ta yi, da ƙarfi yadda na bayan mota zai ji. Shekara ashirin da biyu ina tsare mutuncina, na ga abin da ya haifar. Ba ni da sauran abin da zan tsare. Ka san ni, ba na faɗin abin da ba zan yi ba.

Batun mahaifiyarka, ban roƙe ka ka ce komai yanzu ba. In ka zo Talata ba ka son ganin fuskata, ka ɗaure igiyar a jikin azara ka juya, zan tsaya can wajen rijiya har ka tafi. In ka yi shekara ba ka aiko mini gaisuwa ba, hakkinka ne, zan ɗauka. Ka yafe mini ko kada ka yafe, wannan tsakaninka da zuciyarka ne. Amma ka kawo karyar.

Allah ya tsare ka, ya tsare iyalinka a tafiya da zama. Allah ya raya Yagana, ya nuna maka aurenta. Allah ya ba ka maƙwabta na kirki a inda za ka sauka, ya kare ku daga cutar da ake gani da wadda ba a gani. Allah ya jiƙan wadda ta haife ka, ya sa abin da ta sha ya zama kaffara, ya shayar da ita ruwan da ba ta iya sha ba a hannuna. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Modu mai lambu